Kyanwoyin Ostareliya da Waken Gidanmu: Abin da Gwajin Dabbobi Ya Nuna Kan Abincin da Aka Haska

Ana saura kwana kaɗan a ɗauki azumi na shiga kasuwa sayen waken ƙosai. Mai awon ya nutsa hannu cikin buhu, ya ɗebo, ya baza mini a tafinsa. "Alhaji, duba da kyau. Ko ƙwaro ɗaya ba za ka samu ba." Gaskiya ya faɗa. Waken fari tas, babu huji, babu gari a ƙasan kwano, alhali an yi wata huɗu ko biyar da girbi. Na auni tiya uku na kawo gida ina jin na yi sayayya. Maiɗakina ta juye shi a faifai, ta kai hanci, ta ɗago ta dube ni. "Malam, waken da ƙwaro ya ƙi ci, mu ne za mu ci?" Na sunsuna ni ma. Warin fiya-fiya ne, siriri, amma yana nan.

Wannan warin ba a gidanmu kaɗai aka ji shi ba. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda sinadarin dikulobos, wanda shi ne gubar da ke cikin fiya-fiya. Dokarsu ta yarda da miligiram 0.01 a kilo ɗaya, su kuwa sun riƙa samun ninkin wannan sau da yawa a kayanmu. Turawa sun rufe ƙofarsu, mu muka ci gaba da ci. Tun daga lokacin, duk taron da aka yi kan asarar amfanin gona sai wani masani ya miƙe ya ce mafita ita ce a haska abinci da hasken gamma, ya kuma ƙara da cewa an gwada a kan dabbobi shekara da shekaru ba a taɓa samun komai ba. Rabin farko na maganar ina tare da shi. Rabi na biyu ne nake so mu zauna a kai, domin ba haka tarihin yake ba, kuma ainihin tarihin ya fi wannan taƙaitawar amfani ga wanda zai ci abincin.

Da farko, mene ne haska abincin? Ɗaki ne mai katanga ta kankare da kaurinta ya kai mita biyu. A tsakiyarsa akwai rijiya mai zurfi cike da ruwa, a ƙasanta kuma an jera wasu sanduna sirara na ƙarfe da ke ɗauke da kobalt-60, sinadarin da ke fitar da hasken gamma. Idan za a yi aiki, kowa ya fita, a kulle, inji ya ɗago sandunan daga ruwa, kwalaye ko buhuna su riƙa zagaya su a kan bel. Hasken yana ratsa buhu ya lalata ƙwayar halittar ƙwaro da ƙwansa da ƙananan ƙwayoyin cuta. In an gama a mayar da sandunan ruwa. Abincin bai taɓa kobalt ɗin ba, kuma ƙarfin wannan haske bai kai ya mai da shi mai fitar da irin wannan haske ba, kamar yadda wanda aka yi wa hoton ƙashi a asibiti ba ya komawa gida yana haska iyalinsa. Sirinji da safar hannun tiyata da yawa da ake amfani da su a asibitocinmu ta haka aka tsarkake su. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, shi ya sa kalmar nukiliya kaɗai ke sa mutane su ja da baya. A wannan gefen dai tsoron ba shi da tushe.

Tambayar da ke da tushe wata ce daban. Hasken da ya iya farfasa ƙwayar halittar ƙwaro yana kuma taɓa kitse da bitamin da sauran abubuwan da ke cikin abincin. To me ya bari a baya? Wannan ne aka shafe fiye da shekara talatin ana tambayar ɓeraye da karnuka da birai. Ana auna yawan hasken da kilogire, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe lissafin nan a ransa, don duk maganar a kansa take juyawa: hana dankali da albasa tsiro bai wuce kilogire 0.15 ba, kashe ƙwarin hatsi da wake bai kai kilogire 1 ba, kashe ƙwayoyin cuta a nama yana cin 2 zuwa 7, kayan yaji wajen 10, amma tsarkake abinci kwata-kwata har ya zauna shekaru babu firji yana buƙatar 25 zuwa 50.

Rundunar sojin Amurka ce ta ɗauki nauyin mafi yawan gwaje-gwajen farko tun shekarun 1950, saboda tana son naman da soja zai ci a filin daga ba tare da sanyi ba. Farkon bai yi kyau ba. An ciyar da ɓeraye naman sa da aka haska, mazansu suka riƙa zubar da jini a ciki suna mutuwa. Da aka bincika sai aka ga abincin da aka haɗa musu dama ba shi da isasshen bitamin K, hasken kuma ya ƙara rage ɗan abin da ke ciki. Da aka ƙara bitamin ɗin, zubar jinin ta tsaya. A 1963 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta halatta naman alade na gwangwani da aka haska, a 1968 ta janye izinin, bayan ta sake duba takardun gwajin ta ga ba su isa a dogara da su ba. Sai kuma abin kunya ya biyo baya. Sojojin sun ba wani kamfani mai suna Industrial Bio-Test a jihar Illinois kwangilar sabbin gwaje-gwaje, a tsakiyar shekarun 1970 aka gano kamfanin yana ƙirƙirar sakamako a ayyukan da yake yi wa masu magunguna da masu maganin ƙwari. Dabba ta mutu, a maye gurbinta da wata a ci gaba da rubutu kamar ba a yi komai ba. A 1983 kotu ta samu uku daga cikin manyansa da laifi. Aikin da ya yi wa sojoji ya tafi a banza.

A farkon shekarun 1980 masanan FDA suka tattara gwaje-gwaje 441 da aka yi kan guba a abincin da aka haska. Biyar kacal suka ce an yi su yadda ya kamata ta kowace fuska bisa ma'aunin wancan lokacin. Masu adawa da haska abinci har gobe suna ɗaga wannan lissafi, kuma ban ga laifinsu ba. Amma akwai dalilin da ya sa gwajin ya yi wuya haka, wanda ba kasafai suke faɗa ba. Idan kana son gwada sabon sinadari, ka ce maganin ƙwari, kana iya ba ɓera ninkin abin da mutum zai ci sau ɗari ka ga inda illa ta fara. Abinci ba ya gwaduwa haka. Cikin ɓera ba zai ɗauki albasa ninki ɗari ba. In ka cika masa kwano da albasa zalla zai yi rashin lafiya ko an haska ta ko ba a haska ba, kai kuma ba za ka san wanne ya kayar da shi ba. Da yawa daga cikin tsofaffin gwaje-gwajen a nan suka faɗi, waɗanda suka ce akwai illa da waɗanda suka ce babu.

Gwajin da ya fi kowanne nauyi a wurina shi ne na Raltech, wani ɗakin bincike a birnin St. Louis, wanda aka fara a 1976 aka shafe kusan shekara bakwai ana yi. An tanadi naman kaza tan 134. Aka raba shi: wani aka daskarar kawai, wani aka dafa a gwangwani, wani aka haska da gamma, wani da na'urar lantarki, a kan kilogire 58 a matsakaici, wato ninkin abin da wake ke buƙata fiye da sau hamsin. Aka haɗa shi ya zama kashi 35 cikin ɗari na abincin dabbobin, sauran kuma cikakken abinci, don kada a maimaita kuskuren baya. Ɓeraye suka ci tun daga cikin uwa har tsufa, 'ya'yansu suka ci, jikokinsu suka ci. Karnuka suka ci na wajen shekara uku suna haihuwa a kai. An duba zomaye masu ciki ko za a haifi nakasassu. Ba a samu cutar kansa ko nakasa ko lalacewar ƙwayar halitta da za a jingina wa hasken ba. Ko a nan ma akwai abubuwan da suka ɗaga gira. An ga ƙari a marainan wasu ɓeraye, har aka kira masana daga waje suka sake duba naman a madubin likita, suka ce hujjar ba ta nuna hasken ne sanadi ba. Ƙudajen 'ya'yan itace da aka raina a kan naman da aka haska da gamma kuma sun rage haihuwa. An rubuta duka a rahoton, ba a ɓoye ba, kuma wannan ne ya sa na fi yarda da shi.

A Turai ma ƙasashe da dama sun haɗa kuɗi suka gudanar da wani shiri a birnin Karlsruhe na Jamus daga 1970 zuwa 1982, ana ciyar da dabbobi alkama da dankali da shinkafa da kifi da kayan yaji da aka haska. Da waɗannan sakamakon ne kwamitin haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ya yanke a 1980 cewa haska kowane abinci har zuwa kilogire 10 ba ya kawo haɗarin guba. A 1997 wani kwamitin ya zauna ya ce ko an haura 10 ma haka ne. Akwai kuma wata shaida da ba a shirya ta a matsayin gwaji ba amma tana da ƙarfi: ɓerayen ɗakunan bincike na duniya da ake raino babu ƙwayoyin cuta a jikinsu, shekara da shekaru abincin da aka haska a kilogire 25 zuwa sama suke ci, zuriya bayan zuriya, suna hayayyafa.

Ba zan tsallake Indiya ba, ko da yake labarin yana ɓata mini rai. A 1975 masu bincike biyu a cibiyar nazarin abinci mai gina jiki da ke Hyderabad suka wallafa abin da suka samu daga yara 15 masu fama da tamowa. Sun raba su biyar-biyar: wasu aka ba su alkamar da ba a haska ba, wasu wadda aka haska kwanan nan, wasu wadda aka haska aka ajiye wata uku. A jinin huɗu daga cikin yaran da suka ci sabuwar haskawa aka ce an ga ƙwayoyin da kayan gadonsu suka ninku fiye da ƙa'ida. Cibiyar ta ce ta ga irin haka a ɓeraye da birai. Cibiyar nukiliya ta Bhabha da ke Mumbai ta maimaita ba ta gani ba. Gwamnatin Indiya ta naɗa kwamiti, ya duba, ya ce ƙwayoyin da aka ƙirga sun yi kaɗan ƙwarai da za a gina hukunci a kansu. Daga baya a ƙasar Sin aka ciyar da ɗaruruwan manya masu lafiya da suka amince da kansu, na tsawon makonni, ba a ga wannan canji ba. Na gamsu cewa sakamakon Hyderabad bai tsaya da ƙafarsa ba. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne yadda aka kai hannu kan yara marasa lafiya, 'ya'yan talakawa, aka yi gwaji da su. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin masu tamowa ya ga uwa riƙe da yaron da ƙafafunsa suka kumbura, ya san ba ta cikin halin da za ta ce a'a ga likita.

Da a nan labarin ya tsaya, da masanin taron ya kusa gaskiya. Amma akwai kyanwoyi.

A ƙarshen 2008 likitocin dabbobi a Sidni da wasu biranen Ostareliya suka fara karɓar kyanwoyi da wata cuta iri ɗaya. Kyanwar da ke tsalle ta hau katanga sai a ga tana tangaɗi, ƙafafun baya suna harɗewa. Bayan makonni ta koma jan gindi, gaba na tafiya baya na biye a ƙasa. Wasu suka shanye gaba ɗaya har ba sa iya riƙe fitsari. Da aka bi sawu sai aka tarar dukkansu busasshen abinci ɗaya suke ci, mai suna Orijen, wanda ake yi a Kanada. Ana sayar da abincin nan a ƙasashe da yawa kuma babu inda kyanwa ta kwanta sai Ostareliya. Bambancin ɗaya ne: dokar killace kaya ta ƙasar ta sa ana haska shi a bakin shiga, a kan kilogire 50 ko fiye. Likitoci sun rubuta bayanin kyanwoyi 87, da dama sun mutu ko an kashe su don a hutar da su. A 2009 gwamnatin Ostareliya ta hana haska abincin kyanwa.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba wannan ne karon farko ba. Tun kafin nan, a wani gidan rainon kyanwoyin bincike a ƙasar Ailan, kyanwoyi 190 sun kamu da irin wannan tangaɗin cikin 'yan shekaru, duk a kan abincin da aka haska. Masu binciken can ba su tsaya ga zato ba. Sun ɗauki lafiyayyun kyanwoyi suka ciyar da su abincin da aka haska da gangan, cutar ta fito. Da aka duba lakar baya da ƙwaƙwalwa sai aka ga rigar da ke lulluɓe da jijiyoyi, wadda take kamar robar da ke jikin wayar lantarki, ta zagwanye ta yi ramuka. A jami'ar Wisconsin ta Amurka, Ian Duncan da abokan aikinsa sun wallafa a 2009 cewa kyanwoyin da aka mayar kan abinci na yau da kullum sun riƙa farfaɗowa a hankali cikin watanni, rigar jijiyar ta sake tohowa, ko da yake ba ta kai kaurin ta da ba. An auna abincin an ga bitamin A ya ragu sosai, kitsen kuma ya lalace irin lalacewar man da ya daɗe a rana. Sai dai ba a tabbatar cewa ɗaya daga cikin biyun ne ya jawo cutar ba. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai, da ta sake nazarin maganar baki ɗaya a 2011, ta ce abincin da aka haska ba shi da haɗari ga masu ci, amma ta ware batun kyanwoyi ta ce shi ne sabuwar shaidar da ta saɓa, ba a san yadda abin ke faruwa ba, kuma ana buƙatar ƙarin bincike.

To abin da ya ci Doma zai bar Awai? Na daɗe ina juya wannan. Akwai dalilai masu kyau na cewa kyanwa daban take. Jikinta ba ya iya haɗa bitamin A daga ganye ko karas yadda namu ke yi, dole ta same shi a shirye daga nama, kuma hantarta ba ta iya fitar da wasu sinadarai da hantar mutum da ta kare ke fitarwa cikin sauƙi. Shi ya sa ƙwayar farasitamol ɗaya ke iya kashe ta. Karnukan Ostareliya da suka ci nasu abincin da aka haska ba a ga wannan cuta a jikinsu ba. Sannan adadin hasken ya yi yawa matuƙa, kuma abincin mai kitse ne, kuma shi kaɗai kyanwoyin ke ci safe da yamma na watanni. Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa ban ɗauki labarin a matsayin hujjar haramta haska abinci ba.

Amma ya koya mini abu biyu da ba zan saki ba. Na farko, hukuncin 1997 da ya ce kowane adadi lafiya ne ya yi gaggawa, ko aƙalla ya yi faɗin da shaidar ba ta kai ba. An gwada ɓeraye da karnuka da zomaye da birai, ba a gwada kyanwa ba, sai ga shi ita ce ta faɗi. Gwajin dabba yana ba da amsa ne a kan dabbar da aka gwada, da abincin da aka ba ta, da adadin da aka haska. Wanda ya miƙa amsar ta wuce nan, ra'ayinsa yake faɗa. Na biyun ya fi shafar mu. Cikin abin da ya kwantar wa hukumar Turai hankali har da cewa Bature ɗan kaɗan yake ci daga abincin da aka haska. A jerin da dukkan ƙasashen Tarayyar suka amince da shi tun 1999, busassun ganyayen ƙamshi da kayan yaji ne kawai. Ɗan barbaɗen yaji a miya ke nan. Mu kuwa abin da ake so a haska mana shi ne wake da masara da gero da doya, wato abin da ke cika kwano. Gidan da ke cin tuwon masara da dare, ɗumame da safe, wake da rana, ya fi kama da mai cin abu ɗaya kullum fiye da mai barbaɗa yaji. Kwanciyar hankalin Turai ba za a ɗauko ta a shimfiɗa mana haka kawai ba. Tamu kwanciyar hankalin dole ta fito daga ƙarancin adadin hasken, ƙasa da kilogire 1, da ƙarancin kitse a hatsi, da gwaje-gwajen alkama da shinkafa da aka riga aka yi. Ina ganin waɗannan sun isa a fara. Amma sun isa ne muddin adadin ya tsaya inda aka ce.

Akwai wani sinadari da ake yawan ambata, wanda ke fitowa idan haske ya bugi kitse, masana na kiransa 2-ACB a taƙaice. A 2002 wasu masu bincike a Faransa da Jamus suka zuba shi tsantsa a ruwan shan ɓerayen da aka riga aka yi wa allurar da ke haddasa kansar hanji, suka ga ƙarin da ke fitowa a hanji ya fi yawa a cikinsu. Ɓerayen kaɗan ne, adadin kuma ya zarce abin da mutum zai samu a abinci nesa ba kusa ba. Ni abin da ya fi auna mini shi ne kajin Raltech: nama mai kitse da aka haska a kilogire 58 ba zai rasa wannan sinadari ba, dabbobin kuma sun ci shi tsawon rayuwarsu.

Saboda haka in aka ajiye mini kwano biyu, ɗaya waken da aka haska a ƙasa da kilogire 1 a wurin da ake sa ido, ɗaya waken da aka yayyafa wa fiya-fiya a bayan shago da tsakar dare, ba zan yi dogon tunani ba. Na farko an bi shi da gwaji na shekaru, an san iyakarsa. Na biyu guba ce da ke taɓa jijiya, ba a auna ta ba, kuma yara ne ke cinye ta a ƙosai da alale. Masu cewa a guji haska abinci saboda tsoro ya kamata su faɗa mana da me za a maye gurbinsa, domin abin da ke kasuwa yanzu ba tsarkakakke ba ne.

Sai dai masu tallar fasahar su ma su rage zuzutawa. Haske ba ya cire gubar fumfuna da ta riga ta shiga gyaɗa ko masara. Zai kashe fumfunar, gubar na nan, kuma ita ce ke cin hanta. Ba ya gyara naman da ya fara ruɓa, sai dai ya kashe ƙwayoyin da ke sa shi wari, wanda hakan ƙofa ce ga mai son zuciya. Ba ya hana sabon ƙwaro shiga buhun da aka buɗe. Waken da aka haska bai dace a ajiye shi iri ba, manomin da ya saya a kasuwa ya shuka bai sani ba zai yi kuka a damina. Yana rage bitamin B1 da A da E, ko da yake dafuwa ma tana ragewa. Ga ƙaramin manomi mai buhu biyar ko goma, buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga, wanda aka yaɗa a arewacin Najeriya da Nijar, ya fi masa sauƙi da araha fiye da ɗaukar kaya zuwa wurin haskawa a Abuja. Haska abinci aikin manyan 'yan kasuwa ne da masu fitar da kaya waje.

Muna da wurin yin sa. A Sheda, kusa da Abuja, an ƙaddamar da cibiyar hasken gamma a 2006, Gana kuma tana da tata a Kwabenya ta birnin Akara tun shekarun 1990. Hukumar NAFDAC tana da ƙa'idojin haska abinci a rubuce. Akwai wani abu game da kobalt-60 da ya kamata masu kasafin kuɗi su sani: ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni, ana aiki da shi ko ba a yi. Sandunan da aka saka a 2006, in ba a ƙara sababbi ba, yau ba su kai kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsu na farko ba. Wannan yana nufin lokacin da buhu zai ɗauka a ɗakin yana canjawa kowane wata, kuma ba a sanin adadin da ya shiga sai da ma'aunin da ake liƙawa a jikin kayan, a tsakiya da gefe, a karanta bayan an fito. A Ostareliya, ƙasa mai tsauraran dokoki, an bi ƙa'idar killace kaya daidai, amma babu wanda ya tambaya ko ƙa'idar ta dace da mai cin abincin. Mu da muke fama da awon da ba ya cika ko a gidan mai, dole mu fi su tsanantawa a nan.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Duk buhun da aka haska a buga masa koren tambarin nan na duniya mai kamar tsiro a cikin da'ira, a rubuta da Hausa cewa an haska shi, da adadin, da ranar, da gargaɗin kada a shuka. Abincin da ke cika kwano a tsayar da shi a ƙasa da kilogire 1, kada a bar kowa ya haura don kaya su daɗe. Abincin kyanwa kada a haska shi sam, masu haɗa abincin kaji da kifi kuma kada su ɗauka abin da ya yi wa ɓera daidai ya yi wa kowace dabba. Sannan jami'o'inmu masu tsangayar likitan dabbobi, a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, su yi gwajin da Amurka da Jamus ba su da dalilin yi mana: a haɗa abinci irin namu, masara da gero da wake da ɗan manja, a haska shi a adadin da za a yi amfani da shi da kuma ninkinsa goma, a ciyar da ɓeraye zuriya uku. A sa rukunin da ke kan abinci mara isasshen gina jiki, tunda haka yaranmu da yawa suke. In an yanka dabbobin kada a tsaya ga hanta da ƙoda, a ciro lakar baya a duba rigar jijiya, inda cutar kyanwoyin ta ɓuya. A kuma sa rukuni ɗaya da zai ci waken kasuwa yadda yake, da warinsa, a wallafa sakamakon biyun a shafi ɗaya.